Abin da tarihin Kiristocin Mangalore ya koya mini

A sashen tarihi aka ba ni bincike a kan mishan ɗin Basel, masu wa'azin Furotesta daga birnin Basel na Switzerland, waɗanda muka fi sani da Ghana, inda suka sauka a 1828. Bin sawunsu ne ya kai ni gaɓar tekun Karnataka a Indiya, garin Mangalore, da suka isa a 1834. A nan na koyi cewa sunan da aka liƙa wa jama'a a littafi kan ɓoye fiye da abin da yake bayyanawa.

Kannada ne harshen hukuma a jihar, amma a bakin tekun nan Tulu ko Konkani ake yi a gida, Musulmin Beary kuma da nasu harshen. Kiristocin ma ba tushensu ɗaya ba. Galibin 'yan Katolika kakanninsu daga Goa suka taso a zamanin Turawan Fotugal. Har yau ranar 8 ga Satumba, a bikin Monti Fest, sukan kai zangarniyar sabuwar shinkafa coci a sa mata albarka, a koma gida a ci da iyali. A 1784 Tipu Sultan, sarkin Mysore, wanda ake yabo don ya hana Turawan Ingila sakat, ya kwashe su zuwa babban birninsa Srirangapatna bisa zargin suna goyon bayan Ingila. Sai bayan mutuwarsa a 1799 waɗanda suka rage suka dawo. Jarumtarsa gaskiya ce, wannan ma gaskiya ce, ba kuma kowane marubuci ke son haɗa su a shafi ɗaya ba.

Mabiya Basel kuwa 'yan ƙasa ne, da yawansu daga jama'ar Billava, masu sana'ar ɗiban ruwan giya daga itatuwa irin su kwakwa. Wanda ya sauya addini dangi kan juya masa baya, sana'ar ma ta kuɓuce. To da me zai ci? Shi ya sa mishan ta buɗe masaƙa, sannan a 1865 ta kafa masana'antar jan tayil na rufin ɗaki a Jeppu, tayil ɗin da har yau sunan Mangalore yake amsawa. Cikin Turawan mishan ɗin ne Hermann Mögling ya fito da jaridar Kannada ta farko a 1843, Ferdinand Kittel kuma ya fitar da ƙamus ɗinsa na Kannada zuwa Turanci a 1894.

Tun daga nan, in an miƙo mini rahoton mishan, shafin kuɗi da jerin ma'aikata nake fara dubawa kafin lissafin waɗanda aka yi wa baftisma.