Yadda na bi salsalar waƙar House of the Rising Sun

Ina gabatar da wani ɗan shiri a kan tarihin kiɗe-kiɗen ƙasashen waje, inda nakan zaɓi waƙa guda in faɗi wanda ya yi ta, da lokacin da aka yi ta, da abin da take nufi. Yawancin waƙoƙi ba sa ba ni wahala, domin sunan marubuci yana nan a jikin faifai. Da na zo kan House of the Rising Sun, wato gidan fitowar rana, wadda ƙungiyar The Animals ta birnin Newcastle a arewacin Ingila ta fitar a 1964, sai na tarar babu ko ɗaya daga cikin tambayoyin nan uku da ke da amsar da kowa ya yarda da ita. Abin da ke biye bayani ne na yadda na yi aikin da kuma abin da na koya a cikinsa.

Na fara da abin da babu gardama a kansa. A ranar 18 ga Mayu 1964, suna tsakiyar rangadi tare da mawaƙin Amurka Chuck Berry, samarin ƙungiyar su biyar suka shiga wani situdiyo a Landan ƙarƙashin kulawar furodusa Mickie Most, suka naɗi waƙar a ɗauka guda. Hilton Valentine ne ya buɗe ta da jita yana kaɗa tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, Alan Price ya riƙe ogan na lantarki, Eric Burdon kuma ya rera. Tsawonta ya kai kusan minti huɗu da rabi a zamanin da gidajen rediyo suka saba da waƙar minti uku, har ma a Amurka sai da aka datse ta ta koma ƙasa da minti uku. Duk da haka ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya a watan Yuli, sannan a Amurka a watan Satumba. A wannan sigar namiji ne yake magana. Yana cewa akwai wani gida a birnin New Orleans na Amurka da ya lalata samari da yawa har da shi, uwarsa tela ce, ubansa ɗan caca, kuma yana kan hanyar komawa birnin a jirgin ƙasa domin a ɗaura masa mari a ƙafa.

Daga nan na yanke shawarar da ta fi kowace amfani a aikin: na ajiye karanta ra'ayoyin mutane, na tattara naɗe-naɗen waƙar da zan iya samu, na jera su bisa shekara, na riƙa saurarensu daga na baya-bayan nan zuwa mafi tsufa, ina rubuta wanda yake magana a kowace siga da baitocin da suka shigo ko suka fita. Mai neman salsala ba ya tsallake mutum, sai ya tambayi kowa daga bakin wa ya karɓa.

Mataki na farko baya shi ne mawaƙin Amurka Bob Dylan, wanda ya sa waƙar a kundinsa na farko da ya fito a Maris 1962. A nan ma akwai saɓani tsakanin 'yan ƙungiyar kansu, domin Burdon ya ce shi ya fara jin ta ne a wani kulob a Newcastle daga bakin mawaƙin gargajiya Johnny Handle, shi kuwa Valentine ya ce jerin sautukan da ya kaɗa daga wurin Dylan ya ɗauko su. Ban ga dole sai ɗaya ya ƙaryata ɗaya ba, tunda mai rerawa da mai kiɗa suna iya samun waƙa ɗaya ta ƙofofi biyu, amma kunne yana goyon bayan Valentine a kan batun kiɗan. Duk wanda ya saurari faifan biyu a jere zai ji jerin sautuka kusan iri ɗaya a cikin duka biyun, alhali tsofaffin naɗe-naɗen ba su da wannan tsari.

Shi ma Dylan ba shi ya ƙirƙiro tsarin ba. Na Dave Van Ronk ne, mawaƙin unguwar Greenwich Village a New York, kuma ya ba da labarin da bakinsa a fim ɗin tarihin Dylan da Martin Scorsese ya shirya a 2005. Ya ce Dylan ya zo yana neman izinin naɗar waƙar da tsarinsa, da Van Ronk ya nemi ya dakata domin shi ma yana shirin naɗa, sai ta bayyana cewa an riga an gama aikin. Daga baya Van Ronk ya daina rera ta saboda masu sauraro suna ɗauka ya kwafa daga Dylan ne, kuma a cewarsa Dylan ma ya ajiye ta bayan 1964 saboda mutane sun koma cewa ya kwafa daga The Animals. Kafin Dylan kuwa Joan Baez da Miriam Makeba ta Afirka ta Kudu duk sun sa ta a kundinsu na 1960, kafin su akwai Lead Belly da Josh White da Woody Guthrie a shekarun 1940, da Roy Acuff a 1938.

Inda na fi daɗewa shi ne naɗin 1937. A watan Satumba na wannan shekara Alan Lomax, wanda yake tattara waƙoƙin gargajiya domin ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka, ya isa garin Middlesboro a jihar Kentucky da na'urarsa ta yanka faifai, ya ɗauki muryar wata yarinya 'yar shekara 16 mai suna Georgia Turner, 'yar wani mai haƙar kwal. Babu kiɗa ko kaɗan, muryarta ce kawai da ƙarar faifai. A bakinta mace ce take magana, masoyinta mashayi ne a New Orleans, tana kuma roƙon a gaya wa ƙanwarta kada ta bi hanyar da ita ta bi. Lomax ya buga baitocin a littafin Our Singing Country a 1941, ya haɗa da wasu layuka daga wani mawaƙi na yankin, Bert Martin, kuma ta wannan hanya waƙar ta shiga hannun mawaƙan New York. Van Ronk ya ce shi daga mawaƙiya Hally Wood ya koya, ita kuma daga abin da Lomax ya tattaro. Ke nan akwai igiya da ba ta tsinke ba daga yarinyar nan ta Kentucky har zuwa situdiyon Landan.

Sai dai igiyar ba ta fara daga gare ta ba. A 1933 Clarence Ashley da Gwen Foster sun naɗi waƙar wa kamfanin Vocalion da sunan Rising Sun Blues, kuma wannan ne naɗi mafi tsufa da aka sani. Ashley ya ce kakansa Enoch ne ya koya masa. A rubuce kuwa, Robert Winslow Gordon ya buga wasu baitocinta a mujallar Adventure tun 1925. A nan jerin shekarun ya biya ni ladan wahala. Ana yawan maimaita cewa The Animals ne suka mayar da mai magana namiji domin kada gidajen rediyo su ƙi waƙar karuwa. Amma a sigar Ashley ta 1933 samari ne gidan yake halakawa, a ta Gordon ta 1925 kuwa 'yan mata ne. Tun kafin a haifi Burdon waƙar tana tafiya da fuskoki biyu, kuma wanda bai jera naɗe-naɗen ba zai ci gaba da ɗora wa 'yan Newcastle abin da suka tarar.

Daga 1925 zuwa baya takardu suna ƙarewa, hasashe ya karɓa. Lomax yana ganin asalin waƙar daga Ingila yake, kuma hujjarsa mafi ƙarfi ita ce wani baiti da ya ɗauka a 1953 daga bakin Harry Cox, wani tsohon ma'aikacin gona a yankin Norfolk, wanda ya ambaci wani gida mai suna Rising Sun a garin Lowestoft. Ina girmama Lomax, amma ban saka wannan a sahun tabbas ba. An ɗauki baitin shekara ashirin bayan faifan Ashley, kuma sunan Rising Sun suna ne da mashaya masu yawa suke ɗauke da shi a Ingila. Abin da za a iya cewa da gaskiya shi ne waƙoƙin gargaɗi, inda wanda rayuwarsa ta lalace yake jan kunnen na baya, tsohon salo ne da baƙi daga tsibiran Birtaniya suka kai duwatsun Appalachia na gabashin Amurka, kuma wannan waƙa tana cikin danginsu. Dangantaka ta salo daban ce da cewa ga uwar waƙar an gano.

Sai batun gidan kansa, wanda shi ne ya fi jan hankalin jama'a, ni kuma na same shi mafi raunin hujja. Akwai wani otal mai suna Rising Sun a titin Conti a tsohuwar unguwar Faransawa ta New Orleans, wanda ya ƙone a 1822. A 2005 masu binciken kayan tarihi ƙarƙashin jagorancin Shannon Dawdy sun haƙa wurin, suka samu kwalaben giya da 'yan tukwanen kayan kwalliya da yawa, jaridu kuma suka yi ta yayata cewa an gano gidan. Amma tsakanin gobarar da baitocin farko da aka buga akwai fiye da shekara ɗari, kuma babu wata takarda da ta haɗa otal ɗin da waƙar. Akwai labarin wata magajiya mai suna Marianne LeSoleil Levant da aka ce ta riƙe gidan karuwai a titin St. Louis daga 1862 zuwa 1874, sunanta kuma a Faransanci yana nufin rana mai fitowa. Labarin ya yi daɗi har ya sa ni zargi, kuma ma'aikatan adana tarihin birnin, irin su Pamela Arceneaux, sun ce ba su ga shaidar da ta ɗaure waƙar da wani gini takamaimai ba. Van Ronk kuwa ya karkata ga cewa kurkukun mata ne, bayan an nuna masa hoton tsohon gidan yarin mata na New Orleans mai zanen fitowar rana a ƙofarsa, kuma baitin mari yana taimaka masa.

Ra'ayina shi ne kowace fassara tana jingina ne da baitocin sigar da mai fassarar ya saba ji. Wanda ya san ta daga bakin Turner ko Baez zai ga gidan karuwai, wanda ya san ta daga Burdon zai ga gidan caca ko mashaya, wanda ya riƙe baitin ƙarshe zai ga kurkuku. Tunda baitocin sun riƙa shiga da fita daga baki zuwa baki tsawon shekaru, ba a kafa su a rana ɗaya domin su bayyana gini ɗaya ba. Na kuma lura cewa mutanen da aka fara jin waƙar a bakinsu mazauna duwatsun Kentucky da Tennessee ne, masu nisan ɗaruruwan mil daga New Orleans. A wurinsu sunan birnin kaɗai ya isa ya nuna inda ɗan ƙauye yake zuwa ya ɓata, ko da ba su taɓa taka titin Conti ba.

Wani abin da aikin ya koya mini shi ne raba shaida gida-gida kafin in buɗe baki: faifai ko bugu mai kwanan wata a gefe guda, abin da mutum ya tuna bayan shekaru a wani gefe, abin da masu yi wa 'yan yawon buɗe ido jagora suke faɗa kuma a can nesa. Maganar Ashley game da kakansa tana da daraja, amma tunawa ce, kuma haka na gabatar da ita. Haka maganar Burdon game da Johnny Handle.

Gardamar da ke da takardu sosai, wadda kuma ba a cika tattaunawa a kanta ba, ita ce ta kuɗi. Waƙar gargajiya ba ta da mai ita a doka, amma wanda aka rubuta sunansa a matsayin mai tsara kiɗa shi ne yake karɓar kason marubuci. A jikin faifan 1964 sunan Alan Price kaɗai aka sa. Burdon ya ce an gaya musu babu wurin rubuta sunaye biyar a kan takardar faifan, za a sa suna ɗaya a daidaita rabon daga baya, kuma ba a daidaita ba. Price ya bar ƙungiyar a 1965, yana mai cewa tsoron shiga jirgin sama ne ya hana shi ci gaba da rangadi, sauran kuma sun daɗe suna jin haushin lamarin, musamman ganin cewa jitar Valentine ce abin da kowa yake fara gane waƙar da shi. Van Ronk, wanda tsarinsa ya bi ta hannun Dylan ya isa Landan, sunansa bai fito a faifan ba. Georgia Turner ta rasu a 1969 ba tare da duniya ta san ta ba, kuma sai da ɗan jarida Ted Anthony ya bi sawunta ya gano iyalinta, ya buga littafinsa a kan waƙar a 2007, sannan labarin rayuwarta ya isa ga masu karatu da yawa.