An Gyara Mini Ƙyauren Zuciya Ba a Tsaga Ƙirji Ba

Takalmi ne ya fara tona mini asiri. Wanda na daɗe ina zuwa Juma'a da shi a nan Hambug ya wayi gari ya ƙi shiga. In na danna yatsa a ƙwauri sai ya bar rami, ya jima bai ciko ba. Na ɗora laifin a kan tsufa da sanyin Jamus, na yi ta jan ƙafa kusan shekara 2, har ciki ya taso, sujada ta gagare ni, na koma salla a kan kujera. 'Yata ce ta hango jijiyar wuyana tana harbawa muna cin abinci. Ta ce, "Baba, gobe sai asibiti, kuma ba shawara na kawo ba."

Likitar ta zana mini abin a takarda. Ɓangaren dama na zuciya ɗaki biyu ne, tsakaninsu akwai ƙyaure mai marfi 3, su suna ce masa tirikasfid. Bugun zuciyata da ya daɗe ba shi da tsari ya buɗa ɗakin sama, bakin ƙofar ya yi faɗi, marafan suka daina haɗuwa. Duk bugu ɗaya sai jini ya koma baya, ya danƙare a hanta da ciki da ƙafafu. Jinkirin da na yi har ƙoda ya taɓa, don haka da shekara 74 a kaina ba su ga tiyatar buɗe ƙirji ta dace da ni ba.

Hanya biyu suka auna, duk ta jijiya. Ko a sa sabon ƙyaure ɗungurungum, irin EVOQUE, sai dai da dama daga waɗanda aka yi wa shi kan buƙaci na'urar daidaita bugun zuciya daga baya. Ko kuma a kama marafan da ɗan maƙali, TriClip, wanda aka amince da shi a Turai tun 2020, Amurka kuwa sai 2024. Surar ƙyaurena ta karɓi na biyun.

Na tambaye ta ko zai ƙara mini kwana, ina sane cewa kwana na Allah ne. Ba ta yi mini daɗin baki ba. Ta ce binciken da aka fitar a 2023 kan mutum 350 bai nuna bambancin mutuwa cikin shekara guda ba, amma waɗanda aka yi wa sun fi jin daɗin jikinsu. Wannan gaskiyar ce ta sa na sa hannu.

Aikin kansa ban san an yi ba, allurar barci aka yi mini. Ta matsematsin dama aka zura siririn bututu har zuciya, aka kuma saukar da na'urar hoto ta maƙogwaro don su ga abin da suke kamawa. Maƙali 2 aka sa. Wahalar da na sha ita ce kwanciya rigingine na awoyi ba lanƙwasa ƙafa, da zafin maƙoshi. Raunin, ɗan filasta ya rufe shi. Kwana 3 aka sallame ni.

Daga nan na yi wautar da har yanzu nake jin kunyarta. Da na ga idon sawuna ya fito, sai na ajiye maganin sa fitsari da ke rage mini ruwan jiki ba da sanin kowa ba, na dirar wa miya mai dunƙule da kilishin da aka kawo mini tsaraba daga Kumasi, ga su da gishiri mai tara ruwa a jiki. Cikin mako guda sikeli ya ƙaru da kilo 3. Ashe yoyon raguwa ya yi, bai ɗauke ba. Na sha faɗa a wurin likita, na zo gida na sha wanda ya fi shi.

Yanzu kowace safiya, kafin karin kumallo, nakan hau sikeli in rubuta a ɗan littafi, 'yata na dubawa ranar Lahadi. Kujerar kuwa na mayar da ita kicin tun watan azumi.