Asabar: wuƙata ta fito babu shaida

An kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyin nan na Jos mai shiga ƙashi. Maman yara ta dama kunun gyaɗa. Na sauke ta a Farin Gada za ta sayo tumatur da kabeji, ni kuma na wuce maƙera karɓo wuƙar layya da na ba da aikinta. Raina fes na fita.

Wuƙa kam ta yi kyau. Daga sifirin mota aka fitar da ita, irin wanda suke sayowa wurin 'yan gwangwan a Dilimi, ƙotar kuma ta itacen ƙirya ce da ƙusoshin tagulla. Auta, ɗan Baba tsohon maƙerin gidan, ya goga ta a damtsensa, gashi ya zube. Na riƙe ta, nauyinta ya zauna daidai a tafin hannu. Sai na juya gindin ruwanta ina neman shaidar Baba, ɗigo ukun nan da ɗan jinjirin wata. Babu. Na duba ɗaya gefen, nan ma fayau. A kan buhun da ke kusa da uwar maƙera kuwa ga wasu wuƙaƙe an jera, na 'yan sari, kowace an buga mata sunan Jamus da haruffan Turanci.

Na ce, "Auta, ina shaidar gidan nan?"

Ya ce, "Yaya, ai taka ce ma na bari haka don na san halinka. Waɗancan in ban buga musu wancan sunan ba, ɗan sari sai ya ce ta gida ce, ya rage kuɗi. In na buga, ya biya ba gardama. Ƙarfe ɗaya, wuta ɗaya."

Abin ya sosa mini rai. Wuƙar fawa ta marigayi mahaifinmu tana nan a ɗakin Inna, washi ya cinye ta har ta zama siririya, amma ɗigo ukun suna nan daram. Duk wanda ya gani a cikin tsofaffin mahauta ya san hannun da ta fito. Na ce wa Auta, Jamus ɗin da kake aron sunanta, da shaida suka kai inda suka kai. A garin Solingen akwai alamar tagwaye da wani maƙeri ya yi wa rajista tun 1731, har yau ana buga ta a wuƙaƙen kamfanin Zwilling. A Sheffield ta Ingila ƙungiyar maƙeran wuƙa ta samu dokar kafuwarta a 1624, tana riƙe da kundin alamar kowane maƙeri don kada wani ya ɗauki ta wani. Maƙeran takobi na Japan da kurfi suke sassaƙa sunansu a kan ƙarfen da ke shigewa cikin ƙota, inda ido ba ya gani sai an kwance. Wato ko a ɓoye ne, mutum yana so a san shi ya yi.

Baba yana zaune a kan buzunsa yana jinmu, carbi a hannu. Tun da idonsa ya raunana ba ya ɗaga masaba, sai dai ya saurari ƙarar ƙarfe ya ce a ƙara wuta ko a rage. Na matsa na gaishe shi, na ce, "Baba, kun ji abin da yaron nan ke yi?"

Ya yi murmushi ya ce, "Malam, watan da kake nema, ka san inda na samo shi? A jikin takobin kakana na gan shi. Su ma ba nasu ba ne. Takubban da fatake ke kawowa ta Sahara suna zuwa da wata biyu masu fuska, mutane suka ɗauka duk mai watan shi ne mai kyau, maƙeranmu suka shiga bugawa a nasu. Ɗigo ukun ne kawai nawa."

Gaskiya ya faɗa. Tsofaffin takubban Buzaye da yawa suna ɗauke da watannin nan biyu, kuma asalinsu alamar maƙeran Turai ce. Amma na ce masa, ai ku kun ƙara naku a kai, Baba. Ya ce, "Na ƙara ne don in wuƙa ta karye a hannun mahauci ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Shaida alkawari ce. Shi ya sa ban yarda Auta ya buga tawa ba, tun da ba ni na tsoma ƙarfen a mai ba. In yana so ya yi tasa."

Nan na juya na ce wa Auta to ka yi taka mana. Hannunka ya kai. Ya ajiye awartaki, ya dube ni, murya ƙasa ƙasa ya ce, "Yaya, a garin nan? Ina yaro aka yi rikicin 2008, na ga yadda aka riƙa bi gida gida ana neman makami. Yau in na sa alamata a wuƙa, ta bi hannu goma, wani ɗan sara-suka ya yi ta'asa da ita, wa za a zo a ɗauka? Wanda ya yi ya gudu, sunana na nan a jikin ƙarfe."

Ban sami abin cewa ba. Na zo da hujjojina na Solingen da Sheffield, shi kuma ya zo da abin da ya gani da idonsa. Har yanzu ban yarda da buga sunan wata ƙasa a kan aikin hannunsa ba, wannan ha'inci ne ga mai saye, kuma na faɗa masa a gaban mahaifinsa. Amma tsoron nasa ba ƙarya ba ne. Abin da ke ci mini rai shi ne, a yankin nan da mutanen Nok suka narka tama tun fiye da shekara dubu biyu, a garin da gidan tarihinsa ke ajiye da kayansu tun 1952, maƙeri mai hannu irin na Auta yana ganin ɓoye kansa ya fi masa kwanciyar hankali. Nan da shekara talatin wani zai ɗauki wuƙarsa ya yaba wa Bajamushe.

Na roƙa ko tawa kaɗai a sa mata wani abu. Baba ya ce lokaci ya wuce, shaida ana buga ta ne ƙarfe yana ja, kafin a tsoma shi ya yi tauri. In aka buga yanzu, ko wuƙar ta tsage ko abin bugun ya dakushe. Na ce akwai wata hanya da nake ganin maƙeran waje suna yi a YouTube: a shafa jan farce a wurin, a zana alamar da tsinin allura, a jiƙa auduga da ruwan gishiri, a haɗa da wayar batir, wutar ta ci ƙarfen a inda aka zana kawai. Auta ya ce zai yi tunani. Bai ce e ba.

Na biya ta wurin baduku na bar awon kube. Ya ce Laraba.

Keke Napep ya watsa mini ruwan kwata a Bauchi Road. Wuta ba ta dawo ba sai bayan la'asar. Kawu ya kira a kan maganar rago, farashin bana ba a magana.

Da dare na ba Maman yara labari, ta ce in dai tana yanka, in ƙyale yaro ya ci abincinsa lafiya. Na ce ba zan matsa masa a kan na 'yan sari ya sa sunansa ba, amma sunan Jamus ɗin nan sai na ga ya daina. Asabar mai zuwa zan koma da batir da gishiri. In ya ƙi, zan tambayi Baba ko zai yarda in zana ɗigo ɗaya, tun da a ƙarƙashin kunnensa aka yi ta.