Talata, ranar wankin ƙodar Baba

Tun asuba na san jikin ya yi nauyi. A zaune Baba ya yi sallah, da zai tashi kuma sai da ya dafa kafaɗata. Kwana huɗu rabonsa da na'urar wankin ƙoda. Ga shaƙuwa, ga susa har ƙwaurinsa ya yi fari fat da sawun farce. Kunun da Inna ta dama ko kallo bai ishe shi ba, wai bakinsa ɗanɗanon ƙarfe yake yi.

Daga Mabera muka hau keke napep zuwa asibiti. Ya hau sikeli, ya ƙaru da kilo 3, duk ruwa ne. Nas ta harare ni kamar ni na ɗura masa. A zafin Sakkwato, wa zai raba tsoho da randa?

Awa 4 ina kallon jininsa yana zagayawa cikin roba. Da likita ya zo wucewa na tare shi da takardun gwaji: "Ranka ya daɗe, kullum aka yi wanki yuriya na sauka. Me ya sa har yanzu masallacin ƙofar gida ke gagararsa?"

Ya ce yuriya da kiriyatinin, wato dattin da ƙoda ke tacewa ta fitar cikin fitsari, a sake suke yawo cikin jini, tace su ba wuya. Amma akwai dattin da asalinsa daga ƙwayoyin bakteriya na cikin hanji ne, shi kuwa maƙale yake da furotin ɗin jini, albumin, don haka kaɗan matatar na'urar ke iya cirewa. Ga ƙarancin jini, tunda ƙoda ce ke fitar da sinadarin da ke sa ɓargo ya yi jini. Yawan kwanciya kuma na zaftare tsoka, don haka ya riƙa takawa ko kaɗan ne. Sai ya tuna mini ƙa'idar wanki sau 3 ne a mako. Mu sau 2 muke iyawa, shi ma da karo-karon dangi. Na sunkuyar da kai.

Mun dawo a galabaice, ya yi barci har la'asar sakaliya. Bayan magariba na ji muryarsa: "Ɗauko mani sandata." Na bi shi a baya ina ƙirgawa a zuci, taku 40 zuwa gindin dogon yaro. Ya zauna yana haki, ya ce a ba shi dabino. Na ce an hana, sinadarin fotasiyam, wanda ƙodarsa ba ta iya fitarwa, ya yi yawa a ciki.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai ma likita na yanzu?"