Yadda Muka Yanka Gonar Gadonmu Fuloti-Fuloti

Da mahaifinmu ya rasu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana gona eka biyu a ƙasar Gezawa, ba nisa da titin da ya tashi daga Kano ya nufi Gumel. Gero da gyaɗa muke nomawa a cikinta tun muna yara. Amma gari ya matso, gidajen bulo sun zagaye ta gabas da kudu, awakin maƙwabta ba sa barin shuka ta kai labari. Mu bakwai ne magada, sai muka yanke shawarar a yanka ta filaye, kowa ya ɗauki rabonsa. Ni aka ɗora wa zirga-zirgar.

Dillali ne ya fara zuwa, da igiyarsa a kafaɗa. Ya zagaya, ya ce zai fitar mana da fuloti 16, kowanne ƙafa 50 da 100, a bar lungu siriri a tsakiya. Awon igiya ke nan, kuma haka aka yanka yawancin unguwannin gefen Kano. Yayanmu ya so a yi hakan a gama cikin mako. Ni kuwa na ji tsoron ranar da wani zai gina gida a zo a shafa masa jan fenti, alamar za a rushe, ya dawo kanmu.

Na fara da mai unguwa, ya raka ni wurin dagaci, suka shaida cewa gonar tamu ce, babu rigimar iyaka. A sakatariyar ƙaramar hukuma ne na fahimci abin da ban taɓa kula da shi ba. Dokar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Na karkara, ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin riƙe shi, amma inda aka ayyana a matsayin birni, maganarsa sai a matakin jiha. Don haka kafin ka kashe ko sisi, ka fara sanin ɓangaren da gonarka ta faɗa. Kuma takardar gona daban, izinin mayar da ita wurin zama daban.

Safiyo, wato ƙwararren mai awon ƙasa, ya zo ya yi kwana biyu yana awo. Da ya shimfiɗa taswirar a kan tabarma, fuloti 12 na ƙirga. Ya bar titi mai faɗin ƙafa 30 a tsakiya, da gurbin kwata hagu da dama, sannan ya ja da baya daga burtalin da ke arewa da gonar. Fuloti huɗu sun tafi ke nan. Daren nan gidanmu ba a ci tuwo da daɗi ba. Yaya ya ce, "Kai yanzu gadon marayu za ka kyautar wa hanya?" Maganar ta soke ni, domin cikinmu akwai ƙanwarmu bazawara mai 'ya'ya huɗu.

Sai na rubuta wa hukuma takardar neman sassauci, a rage titin ya koma ƙafa 15, a kuma bar mu mu ɗan shiga gefen burtali, tunda shanu sun rage bi. Aka ƙi duka biyun. Na koma wurin dagaci ko zai sa baki.

"Ranka ya daɗe, a duba mana," na ce.

Ya ce, "Ɗana, burtalin nan na tarar da shi, kai ma ka tarar da shi. In kuka toshe, da kaka shanu ta gonar wa za su bi?"

Na yi shiru, domin na san irin faɗan da toshe burtali ke jawowa tsakanin manoma da makiyaya.

Abin da ya ƙarasa sauya min ra'ayi jana'iza ce. An yi rasuwa a unguwar da ke kudu da mu, wadda aka yanka da igiya. Lungun ya matse har mutum huɗu ba za su jera da makara ba, sai da aka karkata ta a kwana, kafaɗun mutane na gogar bango. Ga shi damina ce, ruwa ya kwanta a tsakiyar lungun ya yi kore, babu inda zai bi ya fita. Yaya yana gefena, bai ce komai ba. Washegari shi ya kira ni ya ce a bar taswirar yadda take.

Wata bakwai muka yi kafin takardu su fito, kuma kusan biyu daga ciki laifinmu ne, don ba mu tara sa hannun dukkan magada tun farko ba, alhali ɗaya yana Legas. Wanda zai bi wannan hanya ya fara raba gado a gaban malamai ko kotu, ya riƙe takardar, ya karɓi rasit na duk kuɗin da ya biya, ya kuma dasa turakun siminti ranar da aka yi awo, kada ya bari sai gobe.

Ƙanwarmu muka bai wa fulotin kwana, mai fuska biyu. Bana ta ɗora bulo har linta, kuma tifar da ta kawo mata yashi ta shiga har bakin ginin ta juya ta fita.