Kuɗin gwaji na Faransa: ba kowane mai huji ba ne

Jama'a don Allah a daina turo min foton kowane tsohon ƙarfe mai huji a WhatsApp ana cewa wai an samu dukiya. Yawancin waɗanda ke fitowa daga tsofaffin gidajen unguwannin Birni da Zango a Damagaram anini ne da kwabon Ingila da fatake suka shigo da su daga Kano, ko kuma santim na Faransa da ya sha hannu har rubutun ya shafe. Suna da daɗin ajiya, ni ma ina da su cike da gwangwani, amma ba su ne na gwaji ba.

Na gwaji daban yake. Kafin a saki sabon kuɗi, gidan buga kuɗi na Paris yakan buga ƴan kaɗan don manya su duba su zaɓa, galibi da ɗan rubutu ESSAI a jiki, ƙanƙane sosai, sai ka sa madubin ƙara girma ka karkata shi wajen haske kake ganinsa. Akwai na mai zanen kuɗi Patey, santim 25 na nikel da ya fito a 1903, sannan gasar zanen kuɗi ta 1913 da Lindauer ya ci, kuɗinsa ne mai hujin nan da aka fara bugawa a 1914. Ni fa waɗanda suka faɗi gasar sun fi burge ni, don zanensu bai taɓa shiga aljihun kowa ba, an buga kaɗan aka rufe zancen. Na 1929 kuma, mai zane Turin da azurfarsa ta dala biyu (faran 10), mai zane Bazor da zinariyarsa ta dala ashirin (faran 100), wannan kam sai dai kallo a katalog, kuɗinsa ya fi ƙarfin irinmu.

To yanzu ka tambayi kanka, abin da ko Bafaranshen kan titi bai riƙe ba, ya aka yi ya zo kasuwar Dole? E, Damagaram ce babban birnin Nijar har 1926 kuma Nasara sun zauna nan, amma albashin sojan gwamna da kuɗin yau da kullum ake biya. Duk wanda ya zaro maka ɗaya daga aljihu yana ƙyalli yana rantse-rantse, ka auna nauyinsa da sikelin maƙeran azurfa ka gwada da na katalog tukuna, jabu sun cika intanet.

Kuma in Allah ya ba ka na gaske, kar ka kusance shi da toka ko lemun tsami wai za ka wanke, a gefe ake riƙe shi da yatsa biyu, baƙin nan da ya hau kansa masu gwanjo sonsa suke yi.