Saƙon Godiya Bayan Taron Tsofaffin 'Yan Ƙwallon Kwando a Samaru

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya nufa aka yi taro lafiya aka tashi lafiya, ina miƙa godiyar kwamitin shirye-shirye ga dukkan waɗanda suka halarci haɗuwar tsofaffin 'yan wasan ƙwallon kwando na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wadda muka yi a harabar Samaru, da waɗanda uzuri ya hana su zuwa amma suka aiko da gudummawa da addu'a. Wasu sun taso daga Kano da Kaduna da Jos, wasu daga Abuja da Legas, kowa da kuɗin aljihunsa, a wannan lokaci da tafiya ta yi tsada. Allah Ya saka wa kowa da alheri.

Muna gode wa ofishin wasanni na jami'a da ya ba mu fili, ya kuma sahale wa ƙungiyoyin ɗalibai na maza da mata suka fito muka gwabza. Ba sai an faɗi wanda ya ci ba. Yaran sun girmama furfurarmu a zangon farko, daga nan suka nuna mana cewa ƙafa ba ta tuna abin da kai ya tuna, kuma ba mu ji haushi ba, domin abin da muka zo gani ke nan.

Godiya mafi nauyi ta masu horarwa ce. Wannan jami'a, wadda aka kafa a 1962, tana cikin jami'o'in farko da suka taru suka fara gasar wasannin jami'o'in Najeriya, wato NUGA, wadda aka soma a Ibadan a 1966, kuma tun daga wancan zamani ba a lissafa masu ƙarfi a gasar a tsallake Zariya. Amma lambobin yabo da ake ratayawa a wuya a ranar ƙarshe, a filin atisaye ake cin su, da sanyin safiya lokacin hunturu, sa'ad da ƙura ke tsaga leɓe kuma ƙwallo ke zafi a tafin hannu. Wanda yake tsaye a can da usur a baki, shi ne ba a cika ɗaukar hotonsa ba. Duk wanda ya taɓa ƙwallon kwando a Samaru ya san sunan Koci Oliver B. Johnson, Ba'amurken da aka fi sani da OBJ, wanda ya shafe shekaru masu yawa yana koyar da wannan wasa a Zariya. Abin da ya sa muke ambatonsa da girmamawa shi ne bai taƙaita ga ɗaliban jami'a ba. Yaran gari da 'ya'yan ma'aikata duk sun sami wuri a hannunsa. A cikin irin waɗannan yara ne Masai Ujiri ya fito, wanda ya tashi a Zariya, ya fara wasan yana ɗan shekara 13, daga baya ya zama gwarzon jami'in gudanarwa na NBA, wato babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 2013 lokacin yana ƙungiyar Denver Nuggets, sannan ya jagoranci ƙungiyar Toronto Raptors ta ɗauki kofin gasar a 2019. Shi ne kuma ya assasa shirin Giants of Africa a 2003 domin horar da yaran Afirka. A ganina, wannan buɗe ƙofa ga yaron da ba shi da katin ɗalibi ya fi kowane kofi da muka taɓa ɗagawa daraja, kuma muna gode wa masu horarwa na yanzu da muka tarar ba su rufe ta ba.

Muna gode wa iyayen 'yan matan da suka buga a ranar. Mun san irin maganganun da uba ko uwa ke sha a unguwa idan suka bar 'yarsu ta shiga fili, kuma mun ga yaran sun fito cikin shigar mutunci, sun yi wasa mai tsafta, ba su bar karatunsu ba. Wannan amana da kuka ba masu horarwa ba ƙarama ba ce.

Ba mu manta da 'yan'uwanmu na sauran wasanni ba, waɗanda suka zo suka cika mana kujeru suna tafi: 'yan ƙwallon raga da na hannu, 'yan guje-guje da tsalle-tsalle, da 'yan ƙwallon ƙafa, waɗanda ƙungiyarsu ta ABU Nobles ta wakilci jami'a a gasar manyan makarantu ta HiFL da aka fara a 2018. A gasar NUGA da aka yi a Jami'ar Legas a 2022, Jami'ar Fatakwal ce ta zo kan gaba a yawan lambobi, kuma mun tattauna wannan a zamanmu ba tare da ɓoye-ɓoye ba, domin ƙwallon kwando kaɗai ba zai isa mu kamo wanda ya yi mana nisa ba. Gasar tana da wasanni da yawa, kowanne da lambobinsa.

Alƙalan wasa sun yi aiki ba su karɓi ko sisi ba. Ma'aikatan da suka share fili suka ja layi tun kafin gari ya waye, da jami'an tsaro, da ma'aikatan lafiya da suka yi ta shafa wa dattawa magani a gwiwa da ƙugu, da matan da suka dafa abinci, duk muna godiya.

Kuɗin da aka tara za a sayi ƙwallaye da riguna da takalma ne a miƙa wa ƙungiyoyin biyu, maza da mata daidai, kuma ma'aji zai aika wa duk wanda ya bayar da cikakken lissafin abin da ya shigo da abin da aka kashe. Waɗanda suka yi alƙawari ba su kai ga cikawa ba, ƙofa a buɗe take. Muna roƙon Allah Ya jiƙan abokan wasanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kuma ba ɗalibanmu sa'a a jarrabawa da gasar da ke gabansu.

Wassalam.
Sakataren kwamitin shirye-shirye